Anti Barista, kwas ɗin "mata da shari'a" ba zai taɓa min aƙida ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Barista. Ni ɗaliba ce aji uku a lauyanci, an sa mana kwas na ra'ayin 'yan feminis (masu fafutukar 'yancin mata) game da shari'a, yayana yace wai aƙidar Turawa ce in rabu da shi. Dan Allah in ɗauka ko in bari? Daga ƙanwarki a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, ki ɗauka. Eh gaskiya ne fannin ya yi ƙarfi ne a jami'o'in Amurka wajen shekarun 1970 zuwa 1980, kuma akwai maganganunsu kan aure da jinsi da ba dole ki yarda da su ba, amma abin da zaki koya shi ne tambaya guda: wannan dokar, in aka zo aiki da ita, a kan wa take faɗawa?

Buɗe kundin tsarin mulkin 1999 sashe na 26, ɗan Najeriya in ya auri baƙuwa tana iya rajista ta zama 'yar ƙasa, amma ke in kika auri ɗan Nijar babu wannan hanyar ga mijinki. Sashe na 55 na Penal Code, dokar laifuka ta Arewa, kuma ya bar wa miji ƙofar dukan matarsa da sunan ladabtarwa muddin bai mata mummunan rauni ba, kuma wannan doka ce ta ƙarshen mulkin Turawa fa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne shari'ar Amina Lawal. A 2002 kotun Bakori ta yanke mata jifa kan zargin zina saboda ta haihu bayan aurenta ya mutu, shi namijin da ta ambata ya rantse aka sallame shi, ita kuwa ciki ya zame mata shaida tunda mace ba ta iya ɓoye ciki. Lauyoyinta, cikinsu har da Hauwa Ibrahim, da fiƙihun Malikiyya suka kare ta, suka kawo maganar kwantaccen ciki da 'yancinta na janye iƙirari, a Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ta Katsina ta wanke ta.

So ki haɗa kwas ɗin da karatun fiƙihu sosai, Risala da Mukhtasar kar su bar hannunki, kuma ki ba yayanki hukuncin Katsinan nan ya karanta da kanshi.