Amsoshin Tambayoyinku: Maya Angelou

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji an ce Maya Angelou, marubuciyar waƙoƙin nan ta Amurka, ta yi shekaru ba ta magana lokacin ƙuruciyarta. Shin gaskiya ne, kuma ta yaya ta zama marubuciya? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Malama, gaskiya ne, kuma labarin abin tausayi ne ƙwarai. An haife ta ranar 4 ga Afrilu, 1928 a St. Louis, sunanta na yanka Marguerite Johnson, amma ta tashi ne a hannun kakarta ta wajen uba, mai kanti a Stamps da ke jihar Arkansas, zamanin da wariyar launin fata ke ganiyarta. Ba ta wuce shekara takwas ba saurayin mahaifiyarta ya yi mata fyaɗe. Da ta faɗi sunansa, ba a daɗe ba aka kashe shi, sai yarinyar ta ɗauka muryarta ce ta halaka mutum, ta kame bakinta kusan shekara biyar, ba ta yi wa kowa magana sai yayanta Bailey.

A shekarun nan ta duƙufa ga karatun Shakespeare da Paul Laurence Dunbar, marubucin waƙoƙi baƙar fata ɗan Amurka, tana haddace baitoci, har wata dattijuwa, Bertha Flowers, ta riƙa karanta mata littafi da babbar murya tana lallashinta ta furta waƙa da bakinta. A ganina nan ne tushen fasaharta, domin waƙoƙinta na kunne ne kafin ido, abin da Bahaushe da ya saba jin ana rera rubutacciyar waƙa zai gane nan take. Masu sukar da ke cewa baitocinta sun cika sauƙi a kan takarda suna auna su ne da mudun da ba nasu ba.

Ta yi rawa da waƙa, ta yi aikin jarida a Alƙahira, ta kuma zauna a Accra tana aiki a Jami'ar Ghana. Tarihin rayuwarta, I Know Why the Caged Bird Sings, ya fito a 1969, kundin And Still I Rise kuma a 1978. A Janairun 1993 ta karanta waƙarta wajen rantsar da Shugaba Bill Clinton, abin da wani marubucin waƙa bai yi ba tun Robert Frost a 1961. Ta rasu ranar 28 ga Mayu, 2014, tana farfesa a Jami'ar Wake Forest.