Ka miƙa makullin sito kafin ka yi tambaya

Tambaya: Malam, ina da shagon sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa. Na ɗauki ɗan yayar matata aikin kula da sito a kan naira 120,000 a wata, mako uku ke nan da farawa. Ya ce ya yi shekara huɗu a wani babban shago a Sabon Gari, shi ya bari don kansa. Da na tura aka tambaya, sai aka ce ko shekara bai cika ba, kuma sallamarsa aka yi bayan katan-katan ɗin madara sun yi ƙafa. Hajiya na cewa in rufa asiri. Yaron kuma ya iya kwamfuta, ya ce zai ninka mini ciniki ta intanet kafin azumi. In janye ko in bar shi?

Amsa: Alhaji, kafin mu zo kan yaron, bari mu fara da kai. Ka ba shi makulli, ya yi mako uku yana buɗewa yana rufewa, sannan ka tuna da bincike. Da baƙo ne ya shigo da takardu a hannu, da ka tambayi har sunan mai unguwarsu. Da yake ta ɗakin Hajiya ya biyo, sai ka ɗauki surukuta ta zama shaida. Hajiya ta san shi a gidan biki da gidan suna, ba ta taɓa ganinsa shi kaɗai da kayan miliyoyi ba.

Na san wani mai sayen riɗi a Dawanau da ya yi irin wannan. Ɗan ƙanin matarsa ya sa a sito, ba takarda, ba littafin shiga da fita. Sai da ya zo ƙirga kaya don fitar da zakka ya ga buhunan ba su kai ba. 'Yan sanda? Dangi suka cika masa zaure da ban haƙuri. Ya rasa riɗin, zumuncin ma bai tsira ba.

Yau ɗin nan ka karɓi makullin, ka canza kwado, a ƙirga kaya a gabansa da shaida guda, kowa ya sa hannu. Ba zargi ba ne, don kada gobe a rasa ranar da giɓi ya fara.

Sai ka zauna da shi ku biyu, ka tambaye shi yadda ya rabu da wancan shagon, ka yi shiru. Maganar madara kada ka yanke hukunci a kanta da bakin mutum ɗaya. Na ga iyayen gida da ke shafa wa yaro kashin kaji don kawai ya bar su, ko don suna riƙe da albashinsa. Ka nemi wani na biyu, maƙwabcin shagon ko wanda suka yi aiki tare. Amma a ce shekara huɗu alhali ko shekara guda bai cika ba, wannan ba saɓanin fahimta ba ne. Da ya zo ya ce, “Kawu, an sallame ni, ga abin da ya faru,” da na ce ka gwada shi. Wanda ya ƙara wa kansa shekara uku don ya samu aiki, me zai hana shi ƙara wa littafinka katan uku? Aikin sito gaba ɗayansa lissafi ne da ba ka gani da idonka.

Batun ninka ciniki kuwa, ka bar shi a inda ka ji shi. A ce katan ɗaya naira 40,000 ne, biyar suka salwanta a wata: 200,000 ke nan, sun haura albashinsa. Ribar sari 'yar kaɗan ce a kan kowane katan, ka fi ni sani, sai ka lissafa nawa za ka sayar kafin ka cike wannan ramin. Hoton kaya a WhatsApp kowane yaro a layinku ya iya sawa.

Idan ta tabbata ƙarya ya yi, ka janye, amma da tsabta. Alkawarin baki ma alkawari ne, kuma ya riga ya fara aiki. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda bai wuce wata uku ba, sanarwar kwana ɗaya ta isa. Da ya haura wata uku ta koma mako guda. Ka biya shi kwanakinsa cif, ta banki don a samu shaida, in da hali ka cika masa watan. A takarda ka rubuta cewa bayanin da ya bayar bai dace da abin da aka tarar ba. Kalmar ɓarawo kada ta fito daga bakinka a kasuwa, babu kotun da ta kama shi da laifi, kuma kai za ta dawo wa.

Hajiya kuma ka gaya mata da kanka kafin labari ya je mata a karkace. In taimako ake so, ka ciro wani abu daga aljihunka ka ba shi jari, wanda ko ya narke shago ba zai girgiza ba.

Wanda zai gaje shi, ko ɗan cikinka ne, takarda tukuna: aikin ya dogara da sakamakon bincike, ya sa hannu ya yarda a bincika, ya kawo lambar NIN da masu tsaya masa biyu waɗanda ba danginku ba. Tsohon maigidansa kuma kai za ka taka ka same shi, kada ka kira lambar da yaron ya ba ka.