Latas da yalo daga iri: ina ya kamata jarin ya tafi?

Wani ɗan'uwa mai sayar da kayan gwari ya turo tambaya, yace ya samu aron ɗan fili a bakin fadama, yana da kamar naira dubu 200 a hannu, yana so ya rage saro kaya a kasuwar Yankaba ta Kano ya riƙa nomawa da kansa tun daga iri. Wai ya zuba kuɗin duka a latas tunda shi ke saurin kawo kuɗi, ko ya raba da yalo?

Malam, ka raba, kuma kar ka taɓa shuka latas ɗinka duka a rana ɗaya. Kai da kake sayarwa ka fi ni sanin halinsa, wanda aka cire da asuba in ya kai la'asar a faranti ya fara laushi, gobe kuma sai dai ka karyar ko ka ba awaki. To ka duba ace duk bedin da ka shuka, wato fangalin da ake dasa latas a ciki, sun nuna a sati guda, kwastomominka ba zasu iya ɗauka ba, dole ka kai wa dillali shi kuma ya san a matse kake, farashin da ya ga dama shi zai faɗa. Shi yasa nake cewa duk kwana 10 ko sati 2 ka zuba sabon reno kaɗan, wato irin da ake fara tsirarwa a gefe kafin a dasa, daidai abin da teburinka da masu abincin da ke saye a wajenka zasu iya cinyewa. Ka je ka tambaye su tun yanzu nawa suke ɗauka a sati, da wannan lissafin zaka san yawan bedin da zaka yi.

Wajen reno ne mutane ke asarar kuɗin iri. Irin latas ƙanana ne sosai, in ka binne shi da zurfi ba zai fito ba, ka gauraya shi da yashi ka barbaɗa a ƙasa mai laushi da ta sha ruɓaɓɓen taki, ka ɗan yafa ƙasa sama-sama, ka rufe da ciyawa, ban ruwa kuma da gwangwani mai huji safe da yamma ba da tiyo ba. Da ya tsiro ka ɗage ciyawar. Sati 3 zuwa 4 ya isa dashe, bayan dashe kamar wata ɗaya zuwa sati 6 ka fara cira. Kafin ka sayi iri da yawa ka ɗauki ƙwaya 20 ka sa a jiƙaƙƙen tsumma ka gani nawa zasu tsiro, don tsohon iri yana yawo a kasuwa sosai.

Sannan latas ɗan hunturu ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu yake jin daɗi, da zafin Maris da Afrilu ya shigo sai ya miƙe ya yi fure ganyen ya yi ɗaci, babu mai saye.

Anan yalo yake shigowa. Shi yana da nawa, renonsa kaɗai sati 4 zuwa 6 ne, bayan dashe kuma sai ka jira wajen wata 2 zuwa 3 kafin tsinkar farko, amma in ya fara kana tsinka duk sati har tsawon watanni, yana jure zafi, kuma zai yi kwanaki a kwando bai lalace ba, kaga kenan ba mai matsa maka ka sayar yau-yau. Kuɗin latas ne zai riƙe maka fetur da taki har yalon ya fara, in ka yi renonsu lokaci ɗaya latas na ƙarewa yalo na kamawa. Sai dai ka tambayi mai filin me aka noma a wajen bara, in tumatir ne ko tattasai ko attaruhu to kar ka sa yalo a gurin, danginsu ɗaya kuma cutar ƙasa ɗaya ke kama su.

Game da kuɗin kuwa, ruwa ne zai fi ci maka, ba iri ba. In babu injin ban ruwa a filin kar ka sayi sabo a kakar farko, ka yi haya ko ku haɗa da maƙwabcin lambu ku raba fetur. Ka ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin uku kar ka taɓa, na maganin ƙwari ne da gyaran inji da ranar da reno ya ƙi. Kuma don Allah kar ka rufe teburinka na kasuwa saboda lambu, ka cigaba da saro abin da baka noma, ka samu yaro amintacce ya riƙa ban ruwan safe kai kuma ka leƙa da yamma.