Haɗe asibiti da kula da tsofaffi: yana aiki kuwa?

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Baba lafiya. Kin tambaya ko tsarin da gwamnatoci ke ta magana a kai, na haɗe harkar lafiya da ta kula da tsofaffi, zai amfani mai jinyar uba da shanyewar ɓarin jiki irin ki, ko sauya sunan ma'aikata ne kawai. Na daɗe ina aikin nas a ɗakin tsofaffi. A ganina ya danganta da abin da aka haɗe: ofisoshi ko kuɗi.

Ranar sallama ake gane inda gizo ke saƙar. Likita ya gama nasa, jini ya sauka, ya sa hannu. Amma tsohon ba ya iya kai kansa banɗaki, ba ya haɗiye abinci sai an lallaɓa. Asibiti ya ce wannan ba cuta ba ce, ofishin walwala kuma bai ma san an sallame shi ba. Sai ya koma gida, ba mai juya shi duk awa biyu, gyambon kwanciya ya buɗe a ƙugu, ya dawo mana da zazzaɓi. Na sha zazzage ledar magani in tarar da maganin hawan jini iri biyu daga likitoci biyu da ba su san da juna ba. Tsohuwa na ta jiri tana faɗuwa, 'ya'yanta na cewa tsufa ne.

Japan ta ɗanɗana wannan tun da wuri. A 1973 ta mayar da jinyar tsofaffi kyauta, sai gadajen asibiti suka cika da mutanen da ba magani suke buƙata ba, mai kula da su ne babu. A 2000 ta buɗe inshorar kulawa ta dogon lokaci, bayan Jamus da ta fara tata a 1995. Kowa daga shekara 40 yana biya, haraji kuma na ɗaukar rabin nauyin. Ana auna buƙatar tsoho a sa shi a mataki, sannan a ba shi jami'i ɗaya da zai tsara masa komai: mai wanka, mai gashin ƙashi, nas mai zuwa gida, keken guragu. Wannan jami'in shi ne ya fi burge ni, domin iyali sun san lambar wa za su kira.

Ingila kuwa a Yulin 2022 ta kafa hukumomi 42 na haɗin gwiwa tsakanin lafiya da kulawa, amma aljihun ya ci gaba da zama biyu. Asibitin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, kyauta ne, kulawar gida kuma tana hannun ƙananan hukumomi, sai an duba dukiyar mutum kafin a taimaka masa. Shi ya sa har yanzu ake samun waɗanda likita ya sallama suna kwance a gado suna jiran a sama musu mai kula.

Abin da takardun gwamnati ba sa son taɓawa shi ne albashin masu wankan da juyin. Japan ɗin ma ƙarancin ma'aikata na damun ta, har tana ɗauko su daga Indonesiya da Filifin da Biyetnam. Ba na ganin laifin yarinyar da ta ajiye aikin ɗaga tsofaffi, bayanta na ciwo, ta koma wanda ya fi tsoka.

Ke kuma kada ki jira doka. Kafin a sallami Baba, ki sa a rubuta miki duk magungunansa a takarda ɗaya, likita ɗaya ya duba su tare. Nas ta koya miki juyi da ɗagawa a gabanta, ki yi da hannunki ta gyara miki. Ki karɓi ranar fara gashin ƙashi, ki tambayi wanda za ki kira idan ya shaƙe da abinci cikin dare. In sun ce babu kowa, ki sa su faɗa miki alamomin da za ki dawo da shi ba tare da jiran ranar asibiti ba.