Tambaya da Amsa: Waɗanne Dokokin Faɗa Zan Shigar a Wasanmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Mu biyar ne a nan Daura, duk Asabar bayan La'asar muna shimfiɗa tabarma a zaure mu yi wasan Dungeons & Dragons, bugu na biyar, wato wasan labari da kowa ke ɗaukar jarumi guda ana jefa ɗan lido, ni ke jan labari. Na kafa labarin a wani gari mai ganuwa da rijiya irin ta Kusugu. Abokaina sun ce ba mai ɗaukar boka ko matsafi a matsayin jaruminsa. Ga kuma dokokin faɗa na ganin dama tuli a littattafan wasan. Me zan ɗauka, me zan bari? Ƙaninka daga Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka matsa wa abokanka, suna da hujjarsu. A cikin rukunan jarumai 12 na littafin 2014, akwai huɗu da za a iya buga su ba tsafi, kuma duka mun san irinsu a gida. Mayaƙin nan mai sulke barde ne, irin waɗanda kake gani a hawan Sallah. Wanda in ya fusata sara da suka ke yi masa rabin lahani, ai ɗan tauri ne. Mai faɗa da hannu ka kira shi ɗan dambe, mai sanɗa kuma ɗan leƙen asiri.

Inda za ku sha wuya shi ne jinya, don babu mai warkarwa a cikinku, tunda yawancin warkarwa a wasan da tsafi ake yin ta. Saboda haka dokar ganin dama ta farko da zan ce ka buɗe ita ce ta baiwa ta musamman. A ciki akwai baiwar ɗaure rauni da jakar magani, wadda ke dawo wa mutum da makin rai a tsakiyar faɗa. Mutum guda ya ɗauke ta, ku ce masa wanzami, da zabirarsa a kafaɗa.

Dokar da nake roƙonka ka bari ita ce ta saka abokin gaba a tsakiya, wato in biyu suka tsaya masa gaba da baya, kowannensu ya jefa ɗan lido mai fuska 20 sau biyu ya ɗauki babba. Tana da daɗin ji, amma duba lissafi: saran da damarsa take 50 cikin 100 ya koma 75, kusan a banza. Shi kuwa ɗan tauri, daga mataki na 2 yana samun wannan gata ne ta hanyar buɗe ƙirji, maƙiya ma su samu irinsa a kansa. Na taɓa gwada dokar a teburinmu a Katsina. Yaron da ya ɗauki ɗan tauri ya yi shiru yana jujjuya fensir, can ya ce, "To ni me na fi su da shi?" Har yau abin yana damuna. A makon da ya biyo baya na cire ta.

Dokar raunin da ba ya warkewa, kamar rasa ido ko hannu, da wadda ke mai da dogon hutun da jarumai ke warkewa a cikinsa ya zama kwana 7, ka ajiye su tukuna. Rundunar da ba ta da mai warkarwa ba za ta jure ba.

Duk dokar da za ka ƙara nan gaba, ka faɗa musu tun kafin a fara jifa, ku gwada ta zama biyu, sannan ka tambaye su. Kuma ka sa ido a agogo: in faɗa ɗaya ya cinye muku lokaci har aka kira Magariba ba a kai bakin rijiyar ba, rage wata dokar.