Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya a kan gyambon harshen Baba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce gyambon yana gefen harshensa ya fi wata guda, ba ya masa zafi, yana ajiye garin taba mai kanwa a kumatu, kuma dangi sun hana a je asibiti wai ciwon daji ba a taɓa shi da ƙarfe. Ni aikin jinya nake yi a ɗakin haƙori a nan Kumasi, irin wannan bakin na sha leƙa shi.

Rashin zafin nan da ya kwantar wa 'yan gida da hankali, shi ya tayar da nawa. Ƙurjin baki na yau da kullum akwai raɗaɗi, mutum ko koko ba ya iya sha, amma cikin mako biyu ya tafi. Ciwon dajin baki kuwa yakan fara ne shiru, kuma gefen harshe da ƙarƙashinsa na daga wuraren da ya fi fitowa. Ban ce shi ne ke damun Baba ba, domin tsinin karyayyen haƙori ma yakan goge harshe ya yi miki. Amma duk gyambon da ya haura mako biyu zuwa uku, likita ya kamata ya gan shi.

Yau da rana ki wanke hannu, ki zaunar da shi a tsakar gida inda haske yake. Ki kama kan harshen da tsumma mai tsabta, ki ja shi dama da hagu. Duba ko bakin gyambon ya tashi ya yi tauri in kin taɓa, ko akwai farin tabo da ba ya gogewa, ko jan tabo, musamman inda yake ajiye tabar. Sannan ki shafa wuyansa da ƙasan muƙamuƙi ko za ki ji ƙullutu. Haƙorin da ya fara girgiɗi ba dalili, ko leɓen da ya mutu, duk ki faɗa wa likita.

Kada ki raina wannan dubawar. A jihar Kerala ta Indiya an yi babban bincike inda aka horar da ma'aikatan lafiya suna bin gida-gida suna leƙa bakin mutane da fitila. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2005 ya nuna mace-mace daga ciwon ya ragu da kashi 34 cikin 100 a tsakanin masu taba ko barasa. Ido ne kawai da fitila, sai tura wanda aka ga alama gare shi asibiti da wuri.

To sai maganar ƙarfe, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Abin da ake yi shi ne a kashe wurin da allura, a ɗebi ɗan nama ƙanƙani, a ɗinke, a kai ɗakin gwaji. Baba zai koma gida a ranar da ƙafarsa. Wannan ɗiban ba ya watsa ciwo. Dalilin da ya sa mutanenmu suka yarda da zancen shi ne, ana kawo mara lafiya ne bayan an gama shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ciwon ya riga ya sauka wuya, to in ya rasu sai a ɗora wa wuƙar likita. Na riƙe hannun wani dattijo da aka kawo haka, bakinsa ba ya buɗuwa ya ɗauki cokali, 'yarsa na ɗura masa kunu da sirinji tana kuka. Wani kuma da ya zo da tabo ƙarami an cire masa, har yau yana zuwa duba da kansa, yana magana sarai. A ƙididdigar Amurka, fiye da 8 cikin 10 na waɗanda aka gano nasu bai bazu ba suna raye bayan shekara 5. In ya yi nisa, adadin yana faɗuwa ƙasa da rabi.

Ku fara da ɗakin haƙori na asibitin da ke kusa da ku, in a Aboabo ko Asawase kuke ga asibitin Manhyia nan. Ku nemi takardar turawa zuwa babban asibitin Komfo Anokye, wato Gee, wajen likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi. Ku riƙe katin inshorar lafiya na NHIS, ku tambayi abin da ya ɗauka da wanda za ku biya tun farko. Ki daina sayo masa kafso a kemis, kuma kada a shafa maganin nan mai launin shuni kafin zuwa, yana rufe wa likita launin wurin.

Idan sakamako ya nuna ciwon ne, tiyata ce kan gaba, wani lokaci a bi da gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, na kimanin mako shida. Kafin gashin sai an gyara ko an cire ruɓaɓɓun haƙora, domin ƙashin da aka gasa ba ya saurin warkewa.

Tabar kuma dole ya bar ta, ko me gwaji ya nuna. Kada ku yi masa faɗa a gaban jikoki. Ki samu babban amininsa ko limamin masallacinsu ya yi masa magana, kuma shi ɗin ya raka ku asibiti cikin makon nan.