Bayan shanyewar ɓarin jiki Baba ya kasa magana: hankalinsa ne ya gushe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Ya fara takawa da sanda, amma magana ta ƙi. Zai ce ruwa sai ya ce wuta, wani lokaci ya yi ta nanata kalma ɗaya har ya yi hawaye. Amma Fatiha yana karanta ta tsaf. Wasu dangi sun ce hankalinsa ya gushe, wasu sun ce jifa ne. Ina ɗiyarsa, ni ke jinyarsa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Abin da kika bayyana shi likitoci ke kira afeziya, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki suna samunsa. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane nan ne cibiyar harshe take. Da jini ya yanke wa wurin, sai hannun dama da magana suka tafi tare. Tun 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya bayyana majinyacin da ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana fahimtar abin da ake faɗa masa.

Hankalin Baba yana nan. Ya san ruwa yake so, kalmar ce ke kuɓuce masa, kamar mai kaya a ɗaki da makulli ya ɓata. Hawayen nan ma alama ce ta cewa ya san abin da ke faruwa da shi. Fatiha kuwa, abin da baki ya saba da shi shekara da shekaru, irin su addu'a, gaisuwa da ƙidaya, sau da yawa yakan tsira, kuma da shi muke fara aiki.

Abin da ya fi damuna a gidaje shi ne yadda ake zancen majinyaci a gabansa kamar ba ya nan, ko a riƙa ɗaga masa murya. Ba kurma ba ne. Ki zauna gabansa, ki kashe rediyo, ki yi gajeriyar magana, ki jira. Kada ki yi saurin ƙarasa masa. Ki yi masa tambayar da amsarta i ce ko a'a, amma ki tabbatar da nuni, domin wasu sukan musanya su. Ki nuna kofi, buta, carbi, ku faɗi sunan tare. A ci gaba da shawara da shi kan al'amuran gidansa.

An fi samun sauƙi a watanni uku zuwa shida na farko, saboda haka kada a ɓata wannan lokaci wajen neman wanda ya yi jifa. Ku koma asibitin koyarwa mafi kusa ku nemi ƙwararren mai koyar da magana. Idan ba a gane ba, ku tambaya a sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Bayan wata shida ma ana ci gaba da samun ƙari, sai dai a hankali.

Idan yana ƙwarewa ko tari lokacin cin abinci, ki gaya wa likita da wuri, don abinci na iya zarcewa huhu. Maganin hawan jini, in an rubuta masa, kada ya tsallake ko rana ɗaya, domin hana ciwon dawowa.